Hannun Rigar Lasifika

Tana da sunan yanka kamar kowa, amma ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Lasifika ake ce mata, har mijinta, har Nas ɗin asibiti. In ta tsaya gaisawa da mutum a bakin famfo, na ƙarshen layi ma sai ya amsa. Gajeriya ce mai jiki, mai saurin tafiya, ɗankwalinta kullum a karkace kamar yanzu aka raba ta dambe.

Na san ta ne a ɗakin bayan asibiti, inda mu masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki muke haɗuwa lokaci-lokaci. Ba komai a ɗakin sai benci da wata fanka da ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, aka gwada ni aka ce ni ma ina da ita. Ranar da na fara zuwa, na ja hijabi har kan hanci na lafe a lungu ina jan carbi. Ta dube ni ta ce in saki fuskata, kowa a ɗakin ya san abin da ya kawo ni, tunda ba kallon ƙwallo aka zo ba. Ranar ta sa mini Ustaziya, sunan kuma ya bi ni.

Ita a awon cikin autarta aka gano nata. Ta ce ranar ce kaɗai a rayuwarta ta wuni ba ta ce uffan ba, har mijinta, wani mai gyaran agogo da ba ya magana sai dole, ya tsorata ya tambaye ta ko a kira dangi. Ta riƙe magani, yarinyar ta zo lafiya lau ba ta ɗauka ba. Yanzu tana sakandare, kuma ta gaji bakin uwar kaf.

Asibiti kan zaɓi wasu daga cikinmu su riƙa bin mutane gida: a kai magani ga wanda zuwa ke yi wa wuya, a leƙa wanda aka daina gani, a tuna wa mutum lokacin gwajin jininsa. Da aka zaɓi Lasifika, an ba ta riga mai tambari da jaka, aka koya mata ta shiga gida da tattausar murya. Gidan farko da ta shiga da rigar, na wata mai sayar da ƙanƙara ne. Ta yi sallama a hankali, ta ce sannu ya jiki. Maƙwabta suka ga tambari, suka ga Lasifika tana magana ƙasa-ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Kafin mako ya zagayo an daina sayen ƙanƙarar. Matar ta tashi daga unguwar, ba a sake ganinta a asibiti ba. Lasifika ta mayar da rigar tsumman goge ƙasa, kuma har yau ba ta son a yi zancen mai ƙanƙara.

Daga nan ta samo hanyarta. Ta ce in ka shiga gidan mutane da fara'a, maƙwabta za su tambayi wa ke ciwo. In kuwa da masifa ka shiga, wa ya yi nasara kawai za su tambaya. Saboda haka kowane mutum da aka ba ta, sai ta ƙulla faɗa da shi. Tana cika robar magani da auduga don kada ƙwayoyin su yi ƙara, ta ɓare takardar jikinta, ta je ta tsaya a ƙofa ta buɗe maƙogwaro. Cikin hayaniya da nune-nune da hannu, robar ta canza aljihu. Rabin waɗanda take faɗa da su kuwa lafiyarsu ƙalau. Tana cewa don ɓad da sawu ne, ni dai na ga har da hali.

Ni ce na fi ba ta wahala, don ko an zage ni sai dai in ce Allah Ya ba da haƙuri. Ta rasa laifin da za ta ɗora mini, sai ta ce zakarana yana shiga gidanta yana yi mata ɓarna. Na ce ai ba ni da zakara. Ta ce to in nemo. Haka na je na sayo zakara, ni da ko ƙwai bai dame ni ba, don a samu abin zagina. Na tambayi Nas ko wannan ba ƙarya muke yi ba, ta ce ita dai ƙwayar cutar da ke jinina take aunawa, sauran in tambayi malamai. Ban tambaya ba, sai dai ina yawaita istigfari.

Amma faɗan da ya yi suna a unguwa shi ne nata da Tela.

Tela mutum ne siriri mai sanyin hali, wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidan da suke haya, da ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Yayarsa ce ke zaune da shi, ita ta goya shi tun rasuwar uwarsu, kuma har ya yi furfura ba ta yarda ya girma ba. A shagon take wuni, tana guga tana sa maɓalli, ita ke amsa wayarsa, ita ke sanin inda ya je da abin da ya tsayar da shi. Bai taɓa gaya mata yana da cutar ba. Ya ce mana wata rana wata maƙwabciya da ake raɗe-raɗin tana da ita ta sha ruwa a gidansu, tana fita Yaya ta ɗauki kofin da tsinke ta jefa a kwata. A gabansa aka yi. Tun ranar ya ce gara ya mutu da ya ga an ɗauki kofinsa da tsinke.

Lasifika ta kai masa yadi ya ɗinka mata doguwar riga, ta dawo tana ihu wai hannun hagu ya fi na dama gajarta. Duk lokacin da maganinsa ya kusa ƙarewa, sai ta naɗe roba a cikin rigar ta zo ta jefa masa a kan keken ɗinki, ta ce ya gyara. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya tura rigar ƙarƙashin tebur. In lokacin gwajin jini ya yi, sai ta ce sai wani kalar zare da babu shi ko'ina sai babbar kasuwa, shi ke nan ya sami hanyar fita rabin wuni. Yaya kuwa ba ta barin ko ta kwana. Takan ajiye dutsen guga ta fito ta tare ƙofa, a yi ta musayar baƙaƙe. Lasifika ta ce ƙanen Yaya da ƙafa yake riƙe almakashi, Yaya ta ce hannun Lasifika ne ɗaya ya fi ɗaya, ta je ta kai ƙarar wanda ya haife ta. Masu shaguna har kujera suke fitowa da ita.

Kusan shekara biyu ana haka. Tela kuma, don kada Yaya ta gane, dole kowane zuwa ya ɗan rage wani abu a rigar. A rage nan a daidaita can, har rigar ta koma wadda ko autar Lasifika ba za ta shiga ba. Shi kuwa ya yi kumatu, Nas ta ce ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa har na'ura ba ta ganinta.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne Yaya za ta gaji. Ta sayo yadi irin na farko sak, ta tsaya a kan Tela ya yanka ya ɗinka tana bin kowane layi da tef. Sannan ta gayyato Liman da matan layi, har da ni, wai ni mai tsoron Allah ce ba zan yi shaidar zur ba. Aka aika aka kira Lasifika, aka sa ta shiga ɗaki ta saka rigar.

Ta fito. Wallahi rigar ta zauna mata kamar a jikinta aka halicce ta. Ta ɗaga hannu sama, ta miƙa su gaba, ta durƙusa, ta juya bakin hannun tana neman ko zare ɗaya da ya fita. Babu. Ta ce kamar wuyan ya ɗan matse, mata suka yi mata ca. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabtaka, ya sa ta ce ta yafe, ya sa Yaya ta ce ta yafe, suka rungumi juna. Aka ce in sa albarka, na sa, muryata na rawa, aka ɗauka daɗi ne ya kama ni. Tela yana bayan keke yana zufa kamar wanda aka yanke wa hukunci.

Sulhun kuwa ya kama fiye da yadda ake so. Yaya ta ɗauki Lasifika ƙawa. Da Lasifika ta je da robar a jaka, Yaya ta tare ta tun daga titi, ta karɓi jakar ta rungume a cinya don girmamawa, ta kawo ruwa, ta zauna gwiwa da gwiwa da ita ana hira, ta raka ta har bakin hanya sannan ta miƙa mata jakarta. Lasifika ta gwada tsokana, ta ce ruwan da ɗumi. Yaya ta yi dariya ta ce ai yanzu ta san halinta, ba abin da za ta faɗa ya ɓata mata rai.

Sai aka tura ni da yadi, robar a naɗe ciki. Ashe tun rikicin rigar Yaya ta kafa doka: duk yadin da aka kawo, ita za ta warware shi a gaban mai shi ta auna, don kada a sake yi wa ƙanenta sharri. Ina ganin ta miƙo hannu na zare robar na cusa a hijabi. Na zauna ina riƙe da ita a hammata har aka gama auna ni, na fito da ita, na kuma bar ɗinkin rigar da ba na bukata.

Daga nan aka ce a gwada masallaci, tunda nan ne kaɗai Yaya ba ta bin sa. Lasifika ta ba mijinta mai agogo robar, ta ce ya sa a takalmin Tela in an tayar da salla. Bawan Allah ya ga baƙaƙen takalma iri ɗaya a jere, ya zaɓi wanda ya fi tsufa, ashe na Liman ne. Aka idar, Liman ya zura ƙafa ya ji abu, ya ɗaga robar sama ya ce wanda ya yar da maganinsa ya zo ya karɓa. Wani ya ce na hawan jini ne. Wani tsoho ya girgiza ta, ya ji ba ta ƙara, ya ce duk maganin da aka toshe wa baki da auduga na ƙarfin maza ne. Daga nan ko da na ciwon kai ne ba mai iya miƙa hannu. Aka ɗora ta a kan taga. Kullum Tela yana salla yana kallon maganinsa a taga, jama'a kuma suna kallon tagar su ga wa zai ɗauka.

Na san mai karatu zai ce ai da ya so, da ya sami hanya. Haka ne, kuma Lasifika ta riga kowa ganewa. Ta tare shi a hanyar masallaci, ya kauce mata ya ce ta bar shi ya huta, ya gaji da ɓoye-ɓoye, kuma ai yana jin ƙarfinsa. Nasa ya ƙare bai nema ba. Aka ɗauki lokaci, sai ga tari, sai ga wuyan riga ya yi masa yawa. Nas ta ce in aka bar shi haka cutar za ta farka, kuma tana iya daina jin maganin. Ta ce amma ba wanda ke da ikon gaya wa Yaya sai shi.

Na iske Lasifika a gida tana zaune shiru, abin ya ba ni tsoro. Ta ce ita ta ɗauka tana taimakonsa, ashe rami ta haƙa masa mai daɗin zama. Ta ce sirrinsa nasa ne, amma nata ai nata ne, tana iya yin abin da ta ga dama da shi. Na gane inda ta dosa. Na tuna mata cewa in Yaya ta fesa, duk wanda ta taɓa yi wa masifa za a fara kallonsa, har da ni da zakarana. Ta ce ta sani, shi ya sa ta fara tambayata, ta kuma tambayi sauran. Na ce Allah Ya rufa asiri, mu je.

Da hantsi muka je, ta saka rigar sulhu. Yaya ta yi murna ta kawo ruwa a kofinta na tangaran, wanda take ba manyan baƙi. Tela yana kan keke yana tari. Lasifika ta buɗe jaka ta fito da roba, wannan karon da takardarta kuma ba auduga, ta girgiza ta har sai da ƙarar ta cika shagon. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta haɗiye da ruwan Yaya, ta rage rabin ruwan a kofin.

Yaya ta tambaya ko ciwon kai ne.

"Na cuta mai karya garkuwar jiki ne, Yaya. Tun cikin autata nake sha. Kin ga na yi kama da mai shirin mutuwa?"

Keken ya tsaya. Yaya ta dube ta, ta dube ni, ta dubi kofin. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ƙawata ba ta rabo da wasa. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta ja kujerarta baya kaɗan. Ta yagi ƙyalle daga tarkacen ƙasa, ta naɗe yatsunta da shi, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin.

Tela ya riga ta. Ban taɓa ganin ya yi abu da sauri haka ba. Ya ɗauki kofin ya shanye sauran ruwan, ya ajiye a gabanta.

"Ba a ɗauka ta kofi, Yaya. Kuma ko ana ɗauka, ni na riga na ɗauka. Tun kafin matata ta rasu."

Yaya ta zauna da ƙyallen a hannu. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can ta ɗago, ba ƙanenta ta kalla ba, Lasifika ta kalla, ta tambaye ta hannun rigar nan ta farko fa.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Lasifika. "Bai taɓa yi mini ɗinki mai kyau kamarsa ba."

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi duka ba, don akwai kalmomin da ba su dace da mai alwala ba. Yaya ta ce shekara biyu ana tsayawa a ƙofarta ana ce wa ƙanenta mai yanka da ƙafa, masu kawo ɗinki suna guduwa, ita tana shan maganin maƙogwaro, ashe wasan kwaikwayo ake yi da ita. Ta juya kan Tela ta ce ita da ta wanke masa kashi, ta cire masa ƙaya, ita ce za a ɓoye wa, a gaya wa wannan gajeriyar. Ta juyo kaina ta ce ni kuma da carbina, Allah Ya isa albarkar da na sa. Tana yi tana kuka. Abin da na lura da shi, duk ihun nan, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan cutar da ƙarfi ba. In ta zo wurin sai ta sauke murya, ta wuce, ta sake ɗagawa. Mutanen da suka taru a waje sun tafi da labarin cewa rigar ce ta sake tashi.

Ta kore mu. Muna fita ta fizge jakar Lasifika, ta zazzage, ta tambaya wanne ne nasa. Lasifika ta ce ya daɗe bai sha ba, sai Nas ta fara ganinsa. Yaya ta ce ba ta tambaye ta ba.

Washegari ina layin karɓar nawa sai ga su. Yaya a gaba, Tela a baya kamar ɗan da za a kai allura. Ta zauna a can ƙarshen benci ta tattare zanenta kada ya taɓa kowa. Da aka kira shi ta bi shi ciki, Nas ta ce sai in ya yarda, ya ce ya yarda, kamar yana da zaɓi. Sun daɗe. Nas ta ce mini daga baya ba a taɓa yi mata tambayoyi irin na ranar ba: cokali, reza, sauro, allurar keken ɗinki in ta soke shi. An ɗebi jininsa, an duba tarin, an mayar da shi kan magani.

Ba zan ce Yaya ta sauya gaba ɗaya ba. Ta ɗauki lokaci tana wanke kwanonsa daban, tana cewa wai don maiƙo ne. Har yanzu ba ta yi wa Lasifika magana, in sun haɗu a famfo sai ta kau da kai, ni ma gaisuwata da ƙyar take amsawa. Amma ba ta gaya wa kowa ba.

Tela ya fara zuwa ɗakin bayan asibiti da ƙafarsa, tarin ya tafi. A zamanmu na baya-bayan nan Nas ta ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa, sai ya ɗaga hannu. Ya ce shi a taimaka a yi wa Yaya magana. Kullum da safe ita ke ba shi ƙwayar a baki, ta sa ya buɗe ta duba, ya ɗaga harshe ta leƙa ƙarƙashi, ko da mai kawo ɗinki a tsaye. Ya tambaya ko asibiti na da wani tsari na raba mutum da mai kula da shi.

Lasifika ta ce babu, ya je ya ɗaga harshe.